F40 ko 959: wacce za ka ajiye a gareji in kuɗi ba matsala ba ne?

Abban Sadiq: Slm jama'a. Jiya da daddare mun kusa raba hali da ƙanina a kan motocin da ni da shi ko tayarsu ba za mu iya saya ba 😂 Ferrari F40 da Porsche 959. Shi wai 959 ta fi, ni kuma na ce in dai ana maganar motar gudu ta shekarun 1980 to F40 ce uwa, saura duk 'ya'ya ne. Na ce bari in kawo nan a raba mana gardama. Abu biyu nake so a duba, wacce ta fi aiki a titi, sannan wacce ta fi daraja in mutum zai saya ya ajiye.

Auta: Wslm yaya. Wannan ai ba tambaya ba ce, ja ɗin nan mana, F40. Ita 959 in ka gan ta daga nesa sai ka ɗauka Porsche 911 ce ta sha rana ta narke

Injiniya Kn: Auta ka fara da kyau, to kyau ba shi aka tambaya ba. Bari in ajiye lambobi tukunna kafin a fara hayaniya. F40 ta fito 1987, injin V8 lita 2.9 da turbo biyu, ƙarfin doki 478, Ferrari suka ce tana kai kilomita 324 a awa. 959 ta riga ta fitowa, 1986, silinda shida a kwance lita 2.85, ita ma turbo biyu, doki 450, tana kai 317. Wato a dogon miƙaƙƙen titi F40 ta ɗan fi da kilomita 7 kacal. Amma daga tsaye zuwa 100 fa? 959 daƙiƙa 3.7, F40 wajen 4.1. Motar da ta fi nauyi kuma ta fi ƙarancin doki ita ke fara barin wajen, ku tambayi kanku dalili.

Abban Sadiq: Saboda tana ja da ƙafa huɗu ne ai, wannan kowa ya sani Injiniya

Injiniya Kn: To ai maganar kenan Abban Sadiq, ka faɗe ta kamar ƙaramin abu. Ba irin ja da ƙafa huɗu na Hilux ba ne da za ka tsaya ka sa giya da hannu. Kwamfuta ce ke raba ƙarfin tsakanin gaba da baya tana canzawa ana cikin tafiya, a tafiya ta yau da kullum kashi 40 gaba 60 baya, in ka taka wuta sosai har kashi 80 yana komawa baya, in ƙasa na da santsi ta raba rabi da rabi. A 1986 fa, lokacin da mu nan 504 ce abin alfahari. Ga ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ga na'urar da ke gaya maka iska ta ragu a taya, ga giya shida, ga shi kana iya ɗaga motar ko ka sauke ta daga kujerarka. Turbo ɗin ma ba tare suke tashi ba, ɗaya ke fara aiki tun inji na ƙasa-ƙasa, sai an wuce juyi 4,000 na biyun ya shigo, don kar ƙarfin ya zo maka gaba ɗaya kamar mari. Duk abin da kake gani a motocin gudu na yau, wlh yawanci wannan motar ce ta fara nuna hanya.

Makaniken Panteka: Injiniya duk abin da ka lissafo ni a kunnena jerin abubuwan da za su lalace ne nake ji 😅

Auta: 😂😂 Oga ya shigo

Makaniken Panteka: Allah da gaske nake. Ni ban taɓa sa hannu a ko ɗaya ba, kar in yi ƙarya, amma shekara ashirin da wani abu ina cikin inji na san abu ɗaya, mota in ta tsufa ƙarfe ba ya ba ka wahala kamar waya da kwamfuta da abin da ke aiki da matsin mai. Motar 1986 yau ta doshi shekara arba'in, kuma guda nawa aka yi duka? In wani ɗan akwatin kwamfuta ya mutu a ciki ba kasuwa za ka shiga ka ce a ba ka na Beljiyam ba. Shi injin ma kansa rabi ruwa ke sanyaya shi rabi iska, kawunan silinda ruwa, jikin iska. F40 kuwa ka ɗaga bayanta gaba ɗaya komai na kallonka, inji, giya, bututu, shi kenan. Ba ABS, sitiyari ba pawa, birki ma ƙafarka ce pawar.

Injiniya Kn: Oga kar ka sa mutane su ɗauka F40 keke ce. Ta Turai tankin manta na roba ne irin na motar tsere, kuma yana da wa'adi, kusan duk shekara goma sai an cire an sa sabo ko ka hau ko ba ka hau ba, in ka yi wasa da shi wuta ce. Ta Amurka ce aka yi wa tankin alminiyam. Ga bel ɗin taimin da ake canzawa bisa shekaru ko da motar na kwance.

Makaniken Panteka: Na yarda, amma wannan aiki ne da ka san ranarsa ka san kuɗinsa. Ciwon da ka san sunansa ai da sauƙi. Wanda nake tsoro shi ne fitila ta kama a dashbod a rasa mai karanta ta sai an sa mota a jirgi zuwa Jamus

Abban Sadiq: Yawwa Oga. Kuma ni abin da ke burge ni kenan, babu komai a cikinta. Ba rediyo, ba kafet, ƙofa ma daga ciki wata 'yar waya ce kake ja ta buɗe, na farko-farkon gilashin gefe roba ne da ake turawa. Fentin ma bai da kauri, masu ita sun ce kana hango saƙar kabon ta ƙarƙashinsa. Ferrari suka ce kilo 1,100, 959 kuwa 1,450.

Auta: Ko esi babu ko?

Injiniya Kn: Akwai esi Auta, shi kaɗai suka bari, don in babu shi zafin injin da ke bayan ƙeyarka zai gasa ka. Kuma Abban Sadiq wannan 1,100 ɗin nauyinta ne ba mai ba ruwa, waɗanda suka ɗora ta a sikeli yadda ake hawanta sun samu ta fi haka nesa ba kusa ba. Mutanen Italiya da lamba sai a hankali.

Ɗan Agadas: Assalamu alaikum. Yara ina karanta ku tun ɗazu ina dariya. Ku duka a hoto kuka san motocin nan, ni kuwa ɗaya daga ciki na gan ta da idona, ƙurarta ma ta shiga hancina.

Abban Sadiq: Kawu barka da zuwa. A ina??

Ɗan Agadas: A gida mana. Janairun 1986, tseren Paris-Dakar. Lokacin ina ɗan lakkol, in tseren ya iso Agadas gari gaba ɗaya ya tashi, jirage a filin jirgi, kamiyo-kamiyo, babura, Turawa fuska duk ta yi ja, jandarmomi na kora mu muna dawowa. Sun gangaro daga Aljeriya ta Tamanrasset, daga wajenmu su shiga Tenere, su fita ta Damagaram su nufi Yamai sannan Mali. Porsche guda uku suka kawo, fari da shuɗi da sunan Rothmans a jiki, an ɗaga su sama kamar raƙuma. Mu a lokacin kat-kat muka sani da Land Rover, sai ga wata aba gajera mai faɗi tana kuka daban da na kowa. Ba mu san sunanta 959 ba, sai da na girma na gane abin da na gani. René Metge ya ci tseren da ita, Jacky Ickx ya zo na biyu, ta ukun da ke biye da su don taimako ma ta zo ta shida. Shekarar ce kuma mai shirya tseren Thierry Sabine ya mutu a haɗarin helikwafta a Mali, kwana kaɗan bayan sun wuce mu, shi ya sa ba na manta ta. To ku gaya min, ita jar taku wace hamada ta taɓa ketarawa?

Injiniya Kn: Kawu Allah ya ƙara girma, ka gama magana 🙌

Auta: Kai Kawu ashe kai tarihi ne da kanka

Abban Sadiq: Kawu da girmanka amma zan ɗan ja. Wadda ka gani ba ita ake sayarwa ba ai, an ɗaga ta, an rage mata ƙarfi saboda man hanya, an sa mata manyan tankuna. Kuma a 1985 su ukun duka ba wadda ta kai Dakar.

Ɗan Agadas: Haka ne ɗana, sun faɗi a 85 suka koma suka gyara suka dawo. Ni wannan ma ya fi burge ni. Kuma ko ta titin ka duba giyarta, akwai wadda aka rubuta wa G, ta hanyar da ba kwalta ce. Jinin ɗaya ne.

Injiniya Kn: Dama don wani rukunin tseren motoci da ake kira Group B aka ƙirƙire ta, dokar ta ce sai ka ƙera guda 200 na titi kafin a bar ka ka shiga. Kafin su gama shiri aka soke rukunin a ƙarshen 1986 bayan haɗarin da ya kashe direban tsere Henri Toivonen a tsibirin Kosika. Abin dariyar ita ma F40 daga nan ta samo asali, Ferrari sun yi 288 GTO Evoluzione don Group B, da aka soke sai injiniyansu Nicola Materazzi ya ɗauki aikin ya mai da shi motar titi cikin kusan shekara ɗaya. Uwa ɗaya ta haife su, tarbiyya ce ta bambanta.

Maman Ilham: Sannunku. Ni ban san turbo ba, lissafi na sani, kuma rabin tambayar Abban Sadiq ba wanda ya taɓa. An ce wacce ta fi daraja a ajiye. Guda nawa aka yi kowacce, nawa aka sayar da su, nawa suke yanzu? A ba ni wannan kawai.

Alhaji Dillali: Hajiya kin zo layina. 959 na sayarwa guda 292 aka yi, in an haɗa da na gwaji 337, sai wasu 'yan kaɗan da suka harhaɗa daga ragowar kaya a farkon shekarun 1990. F40 kuwa da farko 400 aka ce za a yi, da suka ga kuɗi na shigowa suka ci gaba har 1992, aka ƙare da sama da 1,300. Wato duk 959 ɗaya akwai F40 huɗu. A sabuwa 959 mak 420,000 ce kuɗin Jamus na lokacin, kuma a hakan Porsche asara suke yi a kan kowacce don abin da suka kashe ya ninka. F40 wajen dala 400,000.

Maman Ilham: To ai an gama, wadda ta fi ƙaranci ita za ta fi tsada

Alhaji Dillali: Nan ne kasuwa ta ƙi bin lissafinki Hajiya. A manyan gwanjo na 'yan shekarun nan F40 mai kyau tana wuce dala miliyan 2 cikin sauƙi, wasu sun haura 3. 959 ta yau da kullum, wadda suke kira Komfort, ta fi zama tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai yawan ita ta fi tsada.

Maman Ilham: Ikon Allah. To me ya sa? Wannan ai kamar a ce tumatir ya fi tsada ranar da ya cika kasuwa ne

Alhaji Dillali: Don ba yawan kaya kaɗai ke yanka farashi ba, yawan masu so ne. Ni a ɗan ƙaramin matakina na ga haka, sai ka ajiye mota mai lafiya wadda ba irinta a gari ta yi wata shida ba mai tayawa, wata kuwa da ta cika titi kafin ka wanke ta an biya, don ita ce mutane ke mafarki. F40 an yi ta ne don cikar Ferrari shekara 40, kuma ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya sa wa albarka da kansa, an nuna ta Yulin 1987 a Maranello, garin kamfanin a Italiya, yana zaune a wajen, Agustan 1988 ya mutu yana da shekara 90. Wannan labarin ba a ƙera shi a masana'anta. Sannan yaran da suka manna hotonta a bangon ɗaki a 1989 su ne masu kuɗin yau, mutum ya kai wajen hamsin ya tara abin duniya, abin da zuciyarsa ta so yana ɗan sha biyu shi zai nema. Sannan duk a ja suka fito daga kamfani, ko yaro ya gan ta ya san mece ce. 959 sai ka tsaya kana yi wa mutum bayani, kuma duk abin da sai an yi bayaninsa to a wajen sayarwa ka riga ka rage kuɗi.

Injiniya Kn: Alhaji wato dai kana cewa masu kuɗi ba inji suke saya ba, hoton bango suke saya

Alhaji Dillali: Ni ban ce ba, kai ka ce 😄

Injiniya Kn: Amma akwai wani abu da ke cutar 959 wanda ba laifinta ba ne. Abin da ta yi fice da shi fasaha ce, ita kuma fasaha tsufa take. Yau 911 Turbo da za ka saya a shago ta fi ta gudu ta fi ta wayo, a kan hanyar da ita 959 ɗin ta share. F40 kuwa abin da take sayarwa tsoro ne, ka taka wuta shiru shiru sai turbo biyu su tashi lokaci ɗaya baya ya nemi wuce gaba, ba kwamfutar da za ta cece ka. Yanzu doka ma ba za ta bari a ƙera irinta ba, shi ya sa ba ta da magaji. Na yarda da wannan, ko da yake yana min ciwo.

Abban Sadiq: Alhamdulillah a rubuta a ajiye, Injiniya ya sallama

Injiniya Kn: Ban sallama ba malam. Ka ce aiki a titi da daraja. Daraja na ba ka. Titi kuwa in aka ce ga ruwan sama ga dare ga tafiyar kilomita 500, ko kai 959 za ka ɗauka, kujerun fata, shiru, ka isa ba ciwon baya. Kuma kar a manta akwai 959 Sport, guda 29 kacal, wannan kam farashinta ya wuce na F40 ta yau da kullum. Ɗaya daga motocin Dakar na 1985 ma an sayar da ita kusan dala miliyan 6 a 2018, kuma ita ko tseren ba ta gama ba.

Ɗan Agadas: Wadda ba ta gama ba kenan. To wadda na gani fa

Alhaji Dillali: Kawu wannan tana hannun Porsche, ba ta sayarwa ba ce

Auta: Wai da gaske ne Bill Gates kwastan sun riƙe masa 959 ɗinsa?

Injiniya Kn: Gaskiya ne, shekara 13. Porsche sun ƙi ba hukumomin Amurka motocin da za a farfasa a gwajin haɗari, don haka ba a yarda a hau ta a can ba. Sai 1999 aka yi dokar da ta ba da dama a shigo da irin waɗannan motocin na tarihi, da sharaɗin kar a wuce mil 2,500 a shekara. Wannan ma ya taɓa kasuwarta, don F40 an yi wa Amurka nata tun asali, sama da 200, can kuma manyan masu saye suke.

Makaniken Panteka: Mai kuɗin duniya guda kwastan sun riƙe masa mota shekara 13, ni da aka riƙe min injin wata biyu har na yi rashin lafiya 😂

Maman Ilham: Ni dai har yanzu ban gamsu cewa jari ba ne. Alhaji ka faɗi na yau, ba ka faɗi ko ta taɓa faɗuwa ba. Kuma mota ba fili ba ce, tana ci ko tana kwance, inshora, wajen ajiya mai sanyi, tankin robar nan da Injiniya ya ce, ga shi in ka hau ta da yawa ka rage mata kuɗi. Abin da za ka saya biliyoyin naira kuma kana tsoron taɓa shi

Alhaji Dillali: Ta faɗi Hajiya, mummunar faɗuwa ma. Bayan mutuwar Enzo mutane suka haukace, masu saye don su sayar suka shigo, a 1990 Nigel Mansell direban tsere ya sayar da F40 ɗinsa fam miliyan 1. Ba a daɗe ba kasuwar ta rushe, ga Ferrari kuma na ta ƙero wasu, wanda ya saya a saman nan ya yi shekaru da yawa kafin ya ga kuɗinsa. Kuma ko yau ba kowace F40 ba ce, masu saye suna bin ta farko-farko wadda ba a sa wa matatar hayaƙi da na'urar ɗaga jiki ba, suna bin takardun gyara tun daga ranar farko, da shaidar Ferrari cewa inji da giya na asali ne. Wadda ta taɓa haɗari ko aka sake mata fenti mai kauri, sai ki ga bambancin kuɗin ya sayi gida a Maitama.

Maman Ilham: To ka ga ni filin zan saya

Abban Sadiq: Hajiya an ce in kuɗi ba matsala ba ne fa 😂

Maman Ilham: Ko a mafarki ba na son asara

Makaniken Panteka: Ni tambayata ɗaya, a cikinsu wacce za ta haye bamp ɗin unguwarmu? Don na ga Corolla ma sai ta karkace take hawa

Injiniya Kn: 959 mana Oga, ka danna ta ɗaga zuwa santimita 18. F40 kuwa a bamp na farko za ka bar leɓenta na gaba a ƙasa

Abban Sadiq: Ba komai, zan sa a ɗauko min ita a kan tirela in ajiye a falo in riƙa kallo. Ƙanina yana karanta duk wannan ta wayata yana cewa Kawu ya ba shi gaskiya

Ɗan Agadas: Ka gaishe shi, yaro ne mai hankali. Akwai wani hoto da yayana ya ɗauka a filin jirgi ranar, ina tsaye kusa da tayar baya da gajeren wando, in na je gida da salla zan duba akwatin tsohuwa ko yana nan

Auta: Kawu don Allah kar ka manta, gajeren wandon nake son gani ba motar ba